An cire ƙarin daga ƙwaƙwalwa, to wa ke ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba kasafai ake tunawa da su ba, wato waɗanda aka yi wa aikin ƙari a ƙwaƙwalwa kuma Allah ya sa da sauran kwana a gaba suka tashi. Duk labarin da nake cin karo da shi a kan wannan ciwo, a jarida ne ko a Facebook, iri biyu ne kawai, ko dai ana cigiyar masu taimako a kai wani tiyata, ko kuma ana sanarwar wane ya riga mu gidan gaskiya. Na tsakiyan nan fa, wanda ya rayu ya dawo gida da ɗinki a ka da leda cike da magunguna, babu mai bin sawunsa ya ga yadda ta kaya da shi bayan shekara ɗaya ko biyu. Alhali a nan ne aljihu ke mutuwa, domin kuɗin da ke fita bai tsaya ba, wanda ke shigowa kuma shi ne ya tsaya cak.

Ni matar ɗaya daga cikinsu ce, don haka ba labarin ji na zo da shi ba. Maigidana akanta ne, duk rayuwarsa a kan lissafi ya gina ta. Ƙarin da aka cire masa likitoci na ce masa meningioma, yana tsirowa ne daga tantanin nan da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ya fi yawa, ya haura kashi ɗaya cikin uku na ƙarin da ke farawa daga cikin kai, kuma ma ya fi kama mata a kan maza, shi dai nasa rabon ne ya zo a haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ire-iren ƙarin ƙwaƙwalwa mataki huɗu, daga 1 zuwa 4, sabon jadawalinta ya fito a 2021, nashi mataki na 1 ne, wato mai tafiyar hawainiya wanda ba kansa (ciwon daji) ba. Mun yi godiya ga Allah kam, har yanzu muna yi. Sai dai wannan kalami na "ai ba kansa ba ne" ya yi mana illa ta inda ba mu zata ba, saboda dangi suna ji kowa ya saki jiki, wurin aikinsa suna ji suka ɗauka abu ne na sati uku ko huɗu ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ba su san ƙoƙon kai ba ya buɗawa ba, duk abin da ya tsiro a ciki, mai kyau ne ko mugu, sai ya danne wani wuri, kuma wurin da ya danne ɗin nan da shi mutum yake tunani ko magana ko gani ko riƙe fushinsa. An cire ƙari, eh, amma tabon da ya bari da wanda wuƙar likita ta bari suna nan.

Bari in fara da kuɗin da ke fita, don shi ya fi sauƙin ganewa. Mutane sun ɗauka tiyata ce babban kashe kuɗi, kuma gaskiya ne ita ce ke zuwa da babbar takarda lokaci guda, shi ya sa ma ake iya tara mata gudummawa, kowa ya ga adadi ya sa abin da ya sawwaƙa. Na bayan tiyata kuwa kaɗan-kaɗan yake zuwa kuma ba shi da ranar ƙarewa. Akwai hoton MRI da za a dinga maimaitawa don a ga ko ƙarin ya sake tsirowa, mai mataki na 1 ana iya ce masa duk shekara har tsawon shekaru, mai mataki na 4 kuwa duk bayan wata biyu ko uku ne. Kuma hoton ba shi kaɗai yake tafiya ba, akwai allurar ruwan da ake sa wa a jijiya don ƙarin ya fito fili, sau da yawa kafin ita sai an duba ƙoda, sannan a biya wanda zai karanta hoton, sannan a biya ganin likitan da zai faɗa maka abin da aka karanta. Abu ɗaya a baki, rasit huɗu a hannu.

Sai magani. Yawancin wanda ƙari ya taɓa sa masa farfaɗiya sai ya zauna a kan maganinta, irin su levetiracetam ko carbamazepine ko phenytoin, safe da dare, kuma ba magani ba ne da za ka ce yau babu kuɗi bari a bari sai an yi albashi, idan ka yanke shi kwatsam jijjigar na iya dawowa fiye da ta da. Wanda nashi ƙarin a kan pituitary yake, ɗan ƙaramin ƙullutun nan da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai juya sinadaran jiki, wani har abada zai dinga shan hydrocortisone da maganin thyroid, kuma shi hydrocortisone ɗin in ya yanke rai ne a kan layi, ba wasa ba. Ga dexamethasone da ake bayarwa don rage kumburin ƙwaƙwalwa, yana aiki sosai amma yana tayar da sukari, ya kumbura fuska, ya hana barci, ya kashe ƙarfin cinyoyi har mutum ya kasa tashi daga kujera sai an kama shi, ka ga an sake buɗe wani sabon layin kashe kuɗi kenan. Ban ma zo kan masu koyon tafiya da masu koyon magana daga farko ba, waɗanda kowane zama da mai horar da su kuɗi ne.

Wanda kuma nashi glioblastoma ne, mataki na 4, Allah ya kawo musu sauƙi, tsarin da duniya ke bi tun 2005 shi ne bayan tiyata a yi gashi da na'ura, wato a ƙona ragowar ƙarin da haske mai ƙarfi, sau 30, Litinin zuwa Juma'a har sati shida, tare da ƙwayar kemo, wato maganin kashe ciwon kansa, mai suna temozolomide, sannan a ci gaba da ƙwayar kwana biyar a cikin kowane kwana 28 har zagaye shida. Edita ka duba sati shidan nan da idon mai neman abin kai wa baka. Na'urar gashi ba a kowane gari take ba, don haka iyali sai sun tashi sun tare kusa da ita, a biya masauki, a biya mota kullum, mutum ɗaya lafiyayye ya ajiye nasa aikin ya zauna jinya. Binciken da ya kafa wannan tsari ya nuna matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 12.1 zuwa wata 14.6 ne, kuma ba ina faɗa don in karya wa kowa gwiwa ba, akwai masu wuce haka nesa ba kusa ba, ina faɗa ne don a gane irin shawarar da iyali ke yankewa cikin dare ɗaya, a sayar da abin da aka mallaka ko a bari, kuma duk wanda suka zaɓa sai wani ya zage su.

Kada a ce ƙorafin mace ɗaya ne. Kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa a kan tiyata a duniya ya fitar da rahoto a 2015, ya ce duk shekara mutum miliyan 33 ne kuɗin tiyata da na allurar barci ke durƙusar da su, sannan wasu miliyan 48 abin da ke durƙusar da su ma ba kuɗin asibitin ba ne, kuɗin zuwa asibitin ne, irin su mota da masauki. Wato na gefen ya fi na tsakiyar cin mutane. Kuma wannan lissafin tiyata ce gaba ɗaya, ina ga ta ƙwaƙwalwa da ke jan jela shekara da shekaru. A ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa kafawa idan kuɗin lafiya ya haura kashi 10 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa an shiga halin ni-'yasu, mu kam da muka ji wannan ma'auni dariya muka yi, irin dariyar da ta fi kuka ciwo.

To amma duk wannan da sauƙi in da albashi na shigowa. Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto wasiƙar nan shi ne aikin.

Maigidana ya koma ofis da wuri, ba don ya warware ba, don hutun rashin lafiya ya ƙare kuma bashi na kallonmu. In ka gan shi ba za ka ce komai ba, gashi ya rufe ɗinkin, yana tafiya garau yana gaisawa da kowa da sunansa. Kowa sai "kai Alhamdulillah, ai ka warke sumul". Amma ni da nake ganinsa da daddare na san abin da ake ciki. Zai zo da takarda ɗaya ta lissafi, layin lambobi da a da kallo ɗaya yake yi musu ya ce maka ga kuskure a nan, ya ɗora yatsa a layi na farko ya sauko, kafin ya kai tsakiya ya manta abin da ya riƙe daga sama, ya koma ya sake, in yaro ya yi magana a ɗaya ɗakin shi kenan komai ya zube sai daga farko. Wata rana na same shi ya kifa takardar ya dafe kai, na ce lafiya, ya ce "na san amsar tana nan, hanyar zuwa wurinta ce ta ɓace min". Ban taɓa jin wanda ya kwatanta abin daidai kamar haka ba. Ilimin bai tafi ba, saurin ne ya tafi, da iya riƙe abu biyu a ka lokaci guda, kuma ofis ba ya biyan mutum don abin da ya sani, yana biyansa ne don ya gama kafin a tashi.

Sannan ga gajiya. Wannan gajiyar ba irin wadda muka sani ba ce ta wanda ya wuni yana aiki ya kwanta ya tashi garau, a'a, mutum zai yi barcinsa cikakke ya tashi, kafin azahar ƙwaƙwalwar ta ɗauke wuta, magana ma sai ya dinga laluben kalma. Masu ƙarin ƙwaƙwalwa da yawa ita suke fara ambata in ka tambaye su abin da ya fi damunsu, amma ba ta fitowa a hoto, ba ta fitowa a gwajin jini, to da me za ka nuna wa shugabanka a wurin aiki? Shi abin da yake gani mutum ne lafiyayye da ya koyi lalaci. Har wani abokin aikinsa ya taɓa ce masa cikin raha wai tun da aka buɗe kan nan ka samu uzuri. Raha ce a wurinsa, shi kuwa kwana ya yi bai runtsa ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, farfaɗiya ta kama shi a ofis a gaban mutane. Daga ranar ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, kowa ma tausayi yake nunawa, amma sai fayil-fayil suka fara barin teburinsa ɗaya bayan ɗaya zuwa teburin wani, taron da ake kiransa aka daina kiransa, ya zama yana zuwa ya zauna ya tashi. Daga baya aka kira shi aka ce "ka je ka huta tukuna, lafiya ai ita ce gaba da komai, in ka ji ƙarfi ƙofa a buɗe take". Edita, ka san irin wannan ƙofar. Kora ce aka naɗe ta da addu'a, kuma ta fi kora ta kai tsaye ciwo don ba ka da abin da za ka riƙe ka kai ƙara, in ka yi magana ma a ce ba ka da godiya. Ba na cewa mugaye ne, na yarda tsoro ne da rashin sani ya fi yawa, ba su san abin da ake yi wa mai farfaɗiya ba, wanda kuma ba wani abu ba ne mai wuya, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a danne shi kada a cusa masa komai a baki, in ta lafa a juya shi gefe, in ta wuce minti biyar a nemi asibiti. Abin da za a koya wa ma'aikata cikin rabin awa shi ya ci aikin da mutum ya yi shekaru yana ginawa.

Mu kenan da ke da ofis da takardar ɗaukar aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a rahotonta na 2018 sama da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, kimanin mutum biliyan 2, aikin da ba na kan takarda ba suke yi, ba hutun ciwo, ba inshora, ba fansho, ranar da ba ka fita ba ranar ba ka samu ba. Ka ɗauki direba. Duk wanda farfaɗiya ta taɓa kamawa likita zai ce masa ya ajiye tuƙi, kuma gaskiyar likita ce don ba ransa kaɗai ba ne a motar. A Ingila ma doka ce a rubuce, mai farfaɗiya yakan jira shekara guda ba tare da ta tashi ba kafin a mayar masa da lasisin ƙaramar mota, na babbar mota ko bas kuwa sai ya yi shekara 10 ba jijjiga kuma ba ya shan magani, wato a taƙaice sana'ar ta ƙare. Haka mai hawa gini, haka mai walda, haka mai aiki da injin yanka, haka mai aiki kusa da ruwa ko wuta. Wanda ƙarinsa a jijiyar kunne yake sau da yawa kunne ɗaya ya tafi kenan, ga jiri, wanda ya taɓa jijiyar gani sai ya rasa rabin abin da ke gefensa ya dinga karo da ƙofa. Waɗannan duk a takardar asibiti an rubuta an yi nasara, kuma an yi ɗin, amma nasarar ba ta zo da wata sana'ar a madadin wadda ta ɗauke ba.

Wani abin da ba a lissafawa shi ne ciwon mutum ɗaya aikin mutum biyu yake ci. Wanda ba a yarda ya yi tuƙi ba, ba a so a bar shi shi kaɗai, yana manta ko ya sha magani ko bai sha ba, dole wani ya zauna da shi, kuma wanin nan galibi mata ce ko uwa ko babbar 'ya da za a ce ta ɗan dakata da makaranta. Ni kaina sai da na rage nawa aikin ya koma rabi a daidai lokacin da ya kamata in ninka shi. Ba na ƙorafi, mijina ne, ko gobe aka sake zan sake, amma in ana lissafin abin da ciwon ya ci a sa da wannan.

Akwai kuma wanda kunya ke hana mu faɗa. Idan ƙari ya taɓa gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke tsara abu da taka wa mutum birki, hali na iya canzawa, mai haƙuri ya zama mai saurin hasala, mai tattali ya zama mai sakin hannu, kuma shi kansa levetiracetam ɗin an san shi da sa wasu saurin fushi. Mutumin da ya yi shekaru yana tsare kuɗin kamfani sai ga shi ya biya bil ɗaya sau biyu, wani ya kira shi a waya da labarin ƙarya ya kusa tura masa abin da ya rage mana. Ranar da muka zauna na roƙe shi ya bar katin banki a hannuna, bai yi faɗa ba, ya zaro shi daga walat ya ajiye a kan tebur ya tashi ya shiga ɗaki. Na fi son da ya yi faɗan. Masu jinya da yawa na cikin wannan hali suna shiru saboda rufin asirin maigida, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ya kamata likitoci su dinga gaya wa iyali tun kafin a sallame su cewa hakan na iya faruwa, don a ɗau mataki kafin a yi asara, kuma don matar ta san ciwo ne ba wulaƙanci ba.

Neman sabon aiki kuma wani tashin hankalin ne. Ga giɓin shekara biyu a takardunka, za a tambaye ka ina ka shiga. In ka faɗi gaskiya sai ka ga fuskar mai tambayar ta canza, ya ce za mu neme ka, in ka ɓoye kuma ranar da abu ya faru a ce ka yaudare su. Yaran da aka yi wa gashin na'ura a ka suna ƙanana, irin masu medulloblastoma, wani ƙarin ƙwaƙwalwa da ya fi kama yara, su nasu ya ma fi tsawo, domin gashin na iya taɓa saurin koyo da girman jiki, su taso karatu na yi musu nauyi, su zo neman aiki a bayan sa'o'insu, iyaye kuma sun riga sun ƙarar da abin da suka tara tun yaron bai san me ake ciki ba.

Wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin sa doka, kuma yana da kyau mu san su ko don mu san abin da za mu nema. Amurka ta yi dokar kare masu buƙata ta musamman a 1990 wadda ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci gwargwadon hali, sannan dokar 1993 ta ba da hutun jinya har sati 12 ba tare da an kore ka ba, sai dai ba albashi a ciki kuma ƙananan kamfanoni ba ta hau kansu ba. Kuma a can da yawa inshorar lafiyarsu a jikin aikinsu take, aiki ya tafi inshora ta bi shi, daidai lokacin da ka fi buƙatarta, ka ga ashe ba talaucin ƙasa kaɗai ba ne matsalar. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta ce mai ciwon kansa yana cikin kariya tun ranar da aka gano ciwon, amma ka ga abin mamaki, mai ƙari irin na maigidana wanda ba kansa ba shi sai ya kawo hujjar cewa abin ya naƙasa shi na dogon lokaci, wato "ai ba kansa ba ne" ɗin nan har cikin doka ta bi mu. Faransa kuwa ta dubi wani ɓangaren, banki da inshora da ke ƙin ba wanda ya taɓa yin ciwon kansa rance ko su tsawwala masa, a 2016 ta ba shi 'yancin kada ya ambaci ciwon in ya yi shekara 10 da gama magani, a 2022 aka rage zuwa shekara 5. Sannan akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka sa wa hannu, sashe na 27 a kan aiki yake magana, har da wanda lalurar ta same shi yana cikin aikin. Takarda kam akwai ta. Amma mutumin da karanta shafi ɗaya ke ci masa awa guda, shi ne ake jira ya cika fom ya bi ofis-ofis ya ɗauki lauya?

Ni a nawa ganin sassaucin da ake magana ma yawancinsa ba kuɗi yake ci ba. A bar mutum ya dawo a hankali, rabin wuni tukuna kafin cikakke. A ba shi aiki mai nauyi da safe lokacin da kan ke da caji. A rubuta masa umarni maimakon a faɗa masa a tsaye a bakin ƙofa ana sauri. A matsar da teburinsa daga hayaniya, a bar shi ya je ganin likita ba tare da an yanke masa albashi ba. In tsohon aikin ya gagara a duba wani a cikin gidan, akantan da ba ya iya tseren ƙarshen wata ai yana iya duba aikin yara sababbin ɗauka ya koya musu, shekarun da ya yi ba su goge ba. Maigidana yanzu abin da yake yi kenan a gida, yana duba wa wasu ƙananan 'yan kasuwa littafinsu, a nasa lokacin, in ya gaji ya kwanta ya tashi ya ci gaba, kuma aikinsa ba kuskure, abin da yake samu dai bai kai rabin na da ba. Da ofishinsu sun tambaye shi me kake iyawa yanzu maimakon su yanke masa hukunci a bayan idonsa, da har yau suna morarsa.

Su ma likitoci, Allah ya saka musu, ina da roƙo a wurinsu. Kafin tiyata an zaunar da mu an karanta mana duk abin da ka iya faruwa a ɗakin aiki, har da mutuwa, muka sa hannu. Amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da shekara biyu masu zuwa za su ci, ga yawan hoton da za a yi, maganin nan ba na wata ɗaya ba ne, kada ya yi gaggawar komawa aiki kuma kada ya yi gaggawar ajiye shi. Da mun san haka da ba mu zuba komai a kan tiyata da ɗaki mai tsada ba, da mun rage wani abu. Kuma takardar da likita ke rubuta wa wurin aiki, in ta tsaya a "ya samu sauƙi zai iya komawa aiki" ta cuce shi, ya kamata ta faɗi awa nawa, wane irin aiki, me zai guje wa, zuwa yaushe za a sake dubawa.

'Yan'uwa da abokan arziki kuma, mun gode da abin da kuka yi ranar tiyata, wallahi ba za mu manta ba. Amma wanda zai ba da goma, da zai ba da bakwai ranar ya riƙe uku zuwa lokacin hoton shekara mai zuwa da ya fi amfani, lokacin da waya ta daina ƙara kuma mai ciwon na jin nauyin sake buɗe baki. Wanda ba shi da kuɗi yana iya ɗaukarsa a mota zuwa asibiti tunda an hana shi tuƙi, ko ya zauna da shi wuni guda matar ta je nata aikin, ko in yana da wurin sana'a ya ba shi wani ɗan aiki da zai iya, don zaman banza na cin su fiye da yadda ake zato, da yawansu damuwa ke kwantar da su ba ƙarin ba.

Alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya na 2020 sun nuna sama da mutum 300,000 ne aka gano suna da kansar ƙwaƙwalwa da laka a shekarar, kuma wannan bai haɗa da irin su maigidana masu ƙarin da ba kansa ba, waɗanda su ne ma suka fi daɗewa a raye suna ɗauke da wannan kaya. Ranar 8 ga watan Yuni ce ake tunawa da masu ƙarin ƙwaƙwalwa a duniya, wata ƙungiya a Jamus ce ta faro ta a shekarar 2000. Roƙona gare ka Edita, in ranar ta zagayo kada a tsaya a hira da likita a kan alamomin ciwo kaɗai, ciwon kai da amai da sauransu, duk da su ma suna da amfani. Ka tura wakilinka asibiti ranar da tsofaffin marasa lafiya ke dawowa a duba su, ya zauna a bencin jira ya tambaye su su da masu rakiyarsu, wane aiki kake yi kafin tiyata, wane kake yi yanzu, wa ya biya hoton yau. Sannan ya je ya tambayi masu ɗaukar ma'aikata me suka tanadar wa ma'aikacinsu in ya dawo da irin wannan lalura, a buga amsar kowa yadda ya faɗe ta.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa.

Taku,
Wata mai jinya kuma mai karanta jaridarku